Babi na Shida: Tsakanin Sari da Sallama

A ƙarshen daminar 2025 na je Ruwan Bago gaisuwar rasuwa, sai zaman yammacin ranar ya ƙare mini a ƙofar siton wani kawuna. Ruwan Bago ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Rogo, can kusurwar Kano ta kudu maso yamma, inda mai babur zai iya karya kumallo a gida, ya yi azahar a ƙasar Katsina, ya yi la'asar a ƙasar Zazzau. Ƙasa ce ta masara da dawa da rake. Wanda Allah ya hore wa ɗan jari a nan, sana'ar da ta fi kusa da hannunsa ita ce ya sari hatsi da kaka, ya jibge a sito, ya jira bazara ta ɗaga masa farashi. Haka kawu ya yi shekara da shekaru, kuma haka ya yi a kakar 2024, lokacin da kayan abinci suka yi tashin gwauron zabo.

Sai kasuwa ta juya wa masu ajiya baya. Tun a watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, kuma a cikin 2025 farashin hatsi ya yi ta gangarowa, daga Dawanau har Giwa da Dandume. Bazarar da ake jira ta zo ta wuce, buhuna na nan a jibge.

Babban ɗan kawu, taubashina, ya karanta ilimin kwamfuta a Kano, kuma ya buɗe wa mahaifinsa ɗan shago a intanet domin 'yan sarin Kano da na kudu su ga abin da ke sito, su yi magana, su turo kuɗi ta banki. Kowane kashi na kaya yana da shafinsa: wace irin masara ce, buhu nawa ne, nawa ake sayarwa yau. Akwai kuma wani gurbi da baƙo ba ya gani, inda yaron ke rubuta yadda aka saro kayan.

Kawu ya rufe littafinsa mai baƙin bango, ya nuna wayar da haɓa.

"Kai, tambayi abin nan naka. Cikin kayan da ke ɗakin nan, wanne ne yau kuɗinsa bai kai yadda na saro shi ba?"

"To, Baba, faɗi adadi. Ƙasa da nawa?"

"Wane irin ƙasa da nawa? Ƙasa da kansa nake nufi."

Yaron ya latsa nan, ya latsa can. Shagon zai iya kawo masa duk abin da bai kai dubu arba'in ba, ko duk abin da ya haura dubu tamanin, ko farar masara zalla. Ƙasa da kansa kuwa, babu maɓallinsa. Na tsokane shi, kamar yadda taubasantaka ta ba ni dama, cewa kuɗin makarantar da aka kashe masa shi ma ya kamata a sa shi cikin jerin kayan da suka faɗi.

Tambayoyin da ake yi wa kaya iri biyu ne. Akwai ta mai saye, wanda ya fito gida da adadi a aljihu: ina da dubu hamsin, nuna mini wayar da ba ta wuce haka ba. Shi ne ya zo da ma'auni, ana ɗora kowane kaya a kai. Matatan da ke gefen shafin Jumia ko Konga, waɗanda dukansu suka fara aiki a Legas a 2012, yawancinsu na wannan tambaya ne: daga nawa zuwa nawa, wane kamfani, wane launi. Akwai kuma ta ɗan kasuwa, wanda ba shi da adadi ɗaya ga dukan kaya, domin kowane kashi da tarihinsa yake tafe. Masarar da aka sara a farkon kaka da wadda aka sara bayan wata biyu ba uwar kuɗinsu ɗaya ba. Mai shago yana so ya san kayan da saura a kanta bai kai adadin da ya ɗiba wa kansa na sake sari ba, ko odar da aka yi ta fi abin da ke sito, ko kayan da zai lalace kafin ranar da mota za ta kai shi. A duk waɗannan, ma'aunin yana jikin kayan. Siffa ɗaya ake aunawa da 'yar'uwarta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a ainihin ilimin rumbun bayanai wannan tambaya ba ta da wata wahala ko kaɗan. A 1970 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Edgar Codd, yana aiki da kamfanin IBM a San Jose ta Amurka, ya kawo shawarar a riƙa tsara bayanai a jadawali, kamar littafin kawu: kowane kaya layinsa, kowace siffa gurbinta. Bayan shekara huɗu wasu abokan aikinsa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka fitar da harshen yi wa irin wannan jadawali tambaya, wanda yau ake kira SQL. Da a ce kayan kawu a haka suke zaune, layi ɗaya ya ishe shi:

SELECT suna FROM kaya WHERE farashin_yau < kudin_sari

Wato, kawo sunan duk kayan da farashinsa na yau ya gaza kuɗin sarinsa. Na'ura za ta bi layi-layi, ta dubi dama ta dubi hagu, ta ware. Daidai abin da yatsan kawu ke yi idan ya bi shafi daga sama zuwa ƙasa.

To me ya hana? Yadda aka ja layukan littafin tun farko.

Mai rubuta manhajar shago ba ya san wanda zai ɗauka ya yi amfani da ita. Yau ɗan Kantin Kwari ne, wanda kayansa ke da yadi da launi da zane. Gobe ɗan Farm Centre ne, mai maganar girman ma'ajiyar waya da ƙarfin batir. Jibi mai hatsi ne, da iri da nauyi da shekarar girbi. In aka ce kowace siffa sai an ja mata gurbi, littafin zai yi faɗin da ba shi da iyaka, kuma yawancinsa fanko: me buhun dawa zai rubuta a gurbin batir? Sai masu manhaja suka yi dabara. Suka yi littafi siriri, dogo, mai gurbi uku kacal da ke da muhimmanci: lambar kaya, sunan siffa, da abin da aka rubuta mata. Masara mai lamba 12 ba ta da layi guda kuma. Tana da layi na nauyinta, wani na farashinta, wani na yawan buhunanta, kowanne a inda ya faɗa cikin dubban layukan sauran kaya. Duk siffar da wani ya ƙirƙiro gobe, layi kawai za a ƙara, ba sai an sake ja wa littafi gurbi ba.

Wannan tsari ya yi wa duniya amfani ƙwarai, kuma ba zan raina shi ba. WordPress, da ya fito a 2003 domin masu rubuce-rubuce, da irinsa yake ajiye ƙarin bayanan kowane rubutu. Da WooCommerce ya zo a 2011 ya mai da WordPress kanti, sai ya ɗauki kowane kaya a matsayin rubutu, farashinsa na asali da na rangwame suka zama layuka biyu dabam a wannan dogon littafi. Magento, wanda ya fito a 2008, shi ma a kan makamancin haka aka gina shi. Saboda wannan sassauci ne mai turaren wuta a Maiduguri da mai kilishi a Kano za su iya hawa manhaja ɗaya ba tare da sun ɗauki injiniya ba. Amma dogon littafi ya saba da tambaya guda: nemo layin da sunan siffarsa farashi ne, ka auna shi da wannan adadi da na ba ka. Kayan binciken da aka tanadar wa masu gina shago ma a kan haka aka ƙera su, suna jiran adadi daga waje. In ka ce a auna farashi da kuɗin sari, ka nemi a haɗa layuka biyu da ba sa ganin juna.

Maganin sai ya yi kama da abin da ake yi a kasuwa idan lissafi ya rikice. A ɗauko malamai biyu, a ba kowanne kwafin littafin. Na farko ba ruwansa da komai sai layukan farashin yau. Na biyu ba ruwansa da komai sai layukan kuɗin sari. Na farko ya ce, lamba 12, kaza. Na biyu ya lalubo lamba 12 a nasa, ya ce, kaza. Sai a ajiye su kafaɗa da kafaɗa a auna. A harshen SQL ana kiran jadawali ɗaya sau biyu, kowane kira da laƙabinsa, a ɗaure su da lambar kaya. Masana suna ce wa wannan haɗa jadawali da kansa. In siffa uku za a gwama, malamai uku ke nan, kuma aikin na ƙara nauyi da kowane malami.

Taubashina ya san wannan. Ya ɗauko kwamfutarsa, ya jona ta da intanet ɗin waya, ya rubuta tambayar da hannunsa. Kafin a kira la'asar jeri ya fito, ya miƙa wa mahaifinsa yana murmushin wanda ya rama tsokana.

Kawu ya duba, ya tsaya a layi na uku. "Wannan waken na sare shi dubu casa'in da biyar, yau ana ba ni ɗari. Yaushe ya zama faɗuwa?"

A nan ne dogon littafi ke ɗana tarkonsa na farko. Tunda gurbi ɗaya ne ke ɗaukar komai, launi da suna da farashi, to komai a matsayin rubutu ake ajiye shi. Rubutu kuwa na'ura harafi-harafi take auna shi daga hagu, yadda ake jera sunaye a rajistar makaranta. Ta ga 100000, ta ga 95000, ta dubi farkon kowanne: 1 yana gaban 9 a jeri, shi ke nan ta yanke hukunci cewa dubu ɗari bai kai dubu casa'in da biyar ba. Sai an ce mata a fili ta mai da rubutun lamba kafin ta auna. Ko nan ma akwai saura. Wanda ya saba rubuta 95,000 da waƙafi a tsakiya, idan rumbun bayanai na MySQL ya zo mai da shi lamba zai karanta har inda waƙafin yake ya tsaya, buhun wake ya koma naira 95. Ba zai ƙi aikin ba, ɗan gargaɗi kawai zai ajiye a inda ba kowa ke dubawa ba.

Tarko na biyu shi ne gurbin da aka bari fanko. Akwai dawar da kawu ya karɓa a madadin bashi, ba a rubuta mata kuɗin sari ba. A ƙa'idar SQL, abin da ba a sani ba, ba a ce ya fi, ba a ce ya gaza, ba a ma ce ya yi daidai da kansa. Saboda haka dawar ba ta fito cikin masu faɗuwa ba, kuma da aka juya tambayar ba ta fito cikin masu riba ba. Buhu goma sha wani abu, suna nan a ɗaki ana ganinsu, sun ɓace a lissafi. Wani fankon kuma ya fi wannan sharri: in an buɗe layin amma ba a rubuta komai ba, wajen mai da shi lamba yakan zama sifiri. Mai shagon da ke neman kayan da farashin rangwamensu ya gaza na asali zai tarar duk kayan da ba a yi wa rangwame ba sun yi tururuwa sun shigo, domin sifiri ya gaza komai.

Na uku ba sai an koya wa Bahaushe shi ba. Kwanon wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, tiya dabam, mudu dabam, kuma buhu suna ne kawai har sai an ji abin da ke cikinsa. In an rubuta sari a kan buhu, sayarwa a kan kwano, na'ura za ta auna lambobin biyu da zuciya ɗaya ta ba ka amsa.

Sito guda mai kashi talatin ko arba'in ba ya gajiyar da kwamfuta. Babban kanti mai kaya dubu ɗari biyar wani zance ne. Abin da ke sa bincike sauri a rumbun bayanai shi ne fihirisa, irin wadda ke ƙarshen manyan littattafai: an riga an jera farashi daga ƙarami zuwa babba, in ka ce ƙasa da dubu hamsin sai a buɗe daidai wurin a kwashe abin da ke gabansa. Tambayar kawu ba ta da wurin buɗewa, domin iyakar tana canjawa daga layi zuwa layi, dole a bi su duka. Dabarar ita ce a yi lissafin tun ranar da ake shigar da kaya: a ja gurbi na uku, a rubuta bambancin da ke tsakanin siffofin biyu, a yi wa wannan gurbi fihirisa. Daga nan tambaya ta koma irin ta mai saye, wato nuna mini duk wanda bambancinsa ya gaza sifiri. MySQL ya samu gurbi mai lissafa kansa a 2015. WooCommerce kuma a 2019 ya ƙara wani gajeren jadawali na gefe, kowane kaya layi guda, har da gurbin da ke cewa ana rangwame ko ba a yi. Bayan doguwar tafiya an dawo ga littafin kawu. Idan ka ga matacin da ke cewa rangwamen kashi 30 cikin ɗari ko fiye a babban kanti, gwamin siffa biyu ne aka mayar adadi guda domin ya latsu da yatsa.

Wannan matacin rangwame shi ne kusan kaɗai gwamin siffa biyu da ake miƙa wa mai saye, kuma ya kamata a lura da wanda ya rubuta siffofin. Farashin da aka ja wa layi a tsakiya, mai kaya ne ya rubuta shi. Farashin da ke ƙasansa, shi ne dai. In ya ga dama ya ɗaga na sama ana saura mako guda gangamin rangwamen watan Nuwamba, na'ura za ta lissafa kashi 40 daidai wa daida, ba ta yi ƙarya ba, amma an yi ƙarya da ita. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tarayyar Turai ta toshe wannan ƙofa da dokar da ta fara aiki a watan Mayun 2022: mai shelar rangwame dole ya auna shi da mafi ƙanƙantar farashin da ya sayar a kwana 30 da suka gabata. Wato doka ta ƙwace siffa ta biyu daga alƙalamin mai kaya, ta damƙa ta ga tarihi. A Najeriya dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa a kan kaya. A ganina mai gina shago ba sai ya jira hukuma ba. Ajiye tarihin farashi jadawali ɗaya ne, kuma duk wanda ya iya haɗa jadawali da kansa ya iya wannan.

Da na faɗi haka, wani dattijo da ke zaune a gefen tabarma, almajirin fiƙihu ne na zaure, ya yi dariya ya ce ai malamai sun gama wannan magana tun kafin a haifi kakan mai kwamfuta. Gaskiyarsa kuwa. Cinikin da muka saba, na taya da albarka har a kai ga sallama, shi ake kira musawama, kuma a cikinsa ba dole mai kaya ya faɗi yadda ya saro ba. Amma akwai cinikin amana, inda mai kaya ke bayyana uwar kuɗinsa, kuma an raba shi uku. In farashi ya haura uwar kuɗi da ribar da aka sani, murabaha ke nan, wadda bankin Jaiz ya shigar da ita bakin 'yan kasuwa tun da ya buɗe a Abuja da Kaduna da Kano a 2012. In ya yi daidai da ita, tauliya. In ya gaza, wadi'a. Ya fi, ya yi daidai, ya gaza: alamomi ukun nan da taubashina ke bugawa a kwamfuta. Sunan cinikin kansa daga gwamin siffa biyu yake fitowa, kuma in mai kaya ya yi ƙarya a siffa ta biyu, mai saye yana da hakki a kansa.

Malaman Malikiyya ba su tsaya nan ba. A Mukhtasar na Khalil, wanda har yau ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya, an tsaya an tantance me ake kira uwar kuɗi. Aikin da ake ganin alamarsa a jikin kaya, kamar rini da ɗinki, ana lissafa shi kuma a ɗora masa riba. Kuɗin dako ana lissafa shi, amma ba ya ɗaukar riba sai in an yi sharaɗi. Tambayar da duk mai tsara rumbun bayanai ke karo da ita ke nan a ranar farko: wannan gurbi da na sa wa suna kuɗin sari, me da me ke cikinsa?

Kawu yana jin haka ya gyara zama.

"Tsaya. Kai, wannan da ka rubuta, har da kuɗin mota?"

"A'a, Baba. Abin da ka biya a kasuwa kawai."

"Lebura fa? Buhunan da muka sake? Maganin ƙwari sau biyu? La'adar dillali?"

Yaron ya yi shiru. An riga an gyara maganar rubutu da lamba, an sa wa dawar bashi adadin bashin, jerin masu faɗuwa ya tsaya a kashi bakwai, duka masara. Kawu ya sake buɗe baƙin littafi, ya koma shafukan baya inda yake rubuta ƙananan kashe-kashe da jan biro, ya fara karantowa kashi-kashi, ɗansa na shigarwa a sabuwar siffa da ya sa wa suna ɗawainiya. Malami na uku ya shigo lissafi. Aka sake tambaya: farashin yau, a auna shi da sari haɗe da ɗawainiya.

Bakwai ta zama goma sha ɗaya. Waken nan na dubu casa'in da biyar, wanda kawu ya yi wa faɗa ɗazu, ya dawo cikin jeri, wannan karon da gaskiyarsa.

Kawu ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce a jera masa su daga wanda ya fi zurfi zuwa wanda ya fi dama-dama, a kuma kira masa direban da ke kai musu kaya Dawanau a ji ko yana da wuri ranar Asabar. Sabuwar masara ta kusa shigowa kasuwa, ya ce, kuma ɗakin nan ba zai ɗauki tsohuwa da sabuwa ba.